Shirun Buddha da Kiran “Abba”

Akwai wani littafi da ya fito a shekara ta 2009 wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa mai bi ya gyara zama. Da Turanci aka rubuta shi, ma'anar sunan kuwa ita ce: in ba don Buddha ba, da ban iya zama Kirista ba. Marubucin, Paul Knitter, ba baƙo ba ne a gidan Ubangiji. An haife shi a Amurka a 1939, aka naɗa shi firist na ikkilisiyar Katolika a Roma a 1966, ya ajiye aikin a 1975, ya shafe shekaru yana koyar da tauhidi. Daga baya ya yi alkawarin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa, wanda shi ne ƙofar shiga wancan addini, duk da haka bai fasa kiran kansa Kirista ba.

Kusan kowane babi hanya ɗaya yake bi. Zai faɗi abin da ya shige masa duhu cikin bangaskiyarmu, ya ƙetare zuwa koyarwar Buddha, sa'an nan ya komo da abin da ya samo. Ka ba shi hakkinsa: bai ɓoye shakkarsa a ƙarƙashin rigar malanta ba. Babinsa a kan addu'a ma ya taɓa mu inda yake mana ciwo. Yana kukan cewa sujadar Kirista ta cika surutu, ga shi mu ma mun san daren addu'ar da lasifika ba ta hutawa har asuba. Ubangijinmu ya yi gargaɗi a kan yawan magana cikin addu'a a Matiyu sura 6, shi kansa yakan fita da sassafe zuwa wurin da ba kowa, Iliya kuma a Horeb bai sami Allah cikin iska ko girgizar ƙasa ko wuta ba. In mutum ya koyi zama shiru, ya daidaita numfashinsa, ya tattara hankalinsa, ban ga laifi ba. Wasiƙar da Batikan ta aika wa bishop-bishop a 1989 ma ta yarda a ɗauki abin da ke da amfani daga irin waɗannan hanyoyi, muddin ainihin addu'ar Kirista bai dushe ba.

Amma lura da abin da matafiyin ya bari a ƙetaren kogi. Buddha bai koyar da Mahalicci ba. Ya koyar cewa tushen wahala shi ne ƙishirwar zuciya da jahilci, cewa babu wani “ni” mai dawwama a cikin mutum, kome yana wanzuwa ne ta dalilin wani abu. Knitter ya ari wannan fahimta ta hannun malamin nan ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, ya ce gara mu ɗauki Allah a matsayin Ruhun da ke saƙa dukan abubuwa da juna, maimakon Wani da ke tsaye daban da halittarsa. Maganar tana da daɗin ji, akwai kuma ƙwayar gaskiya a ciki, gama Bulus ya shaida wa mutanen Atina cewa rayuwarmu da motsinmu duk cikin Allah suke. To, sai ka tambayi kanka: wa Hannatu take zuba wa zuciyarta a Shilo? Wa Yesu ya kira “Abba” a Gatsemani, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, sa'an nan ya sallama wa nufinsa? Saƙa ba ta da nufin da za a sallama wa. Ba ta yin alkawari, ba ta gafartawa. Shirun mai bin Buddha shirun mai lura ne, yana duban tunaninsa yana zuwa yana wucewa har ya saki riƙo. Shirun Kirista kuwa na ɗa ne a gaban mahaifinsa, yana jiran a yi masa magana. Daga waje zaman iri ɗaya ne, sai dai kama da wane ba ta wane.

Da wannan dutse ya gusa, sauran ginin ya bi shi. In cutarmu jahilci ce, malami ya ishe mu. In zunubi ce, sai Mai Ceto. A hannun Knitter Yesu ya zama wanda ya farka yana farkar da waɗansu, gicciye ya zama abin nuni, shaidar manzanni a kan sunansa kuma ta zama irin yabon da miji yake yi wa matarsa, gaskiya a bakinsa, ba doka a kan kowa ba. Wannan ba sabo ba ne gare shi. Tun 1985 ya ɗauki furcin Bitrus na Ayyukan Manzanni sura 4 ya sa wa wani littafinsa suna, ya ɗora masa alamar tambaya.

Ba na jin masu bin Buddha ma an yi musu adalci. Dalai Lama, wanda ya zauna da Kirista a Landan a 1994 yana bayani a kan Linjila, ya sha ba mutane shawara su tsaya cikin addinin da suka tashi a ciki, kada su gauraya abin da ba ya gaurayuwa. Ya san nauyin kayansa.

Inda littafin ya fi ba ni tausayi shi ne babin lahira. Marubucin yana sa zuciya cewa rayuwarmu za ta ci gaba cikin Allah, amma yana shakkar ko kai da ni za mu kasance a matsayin kai da ni. Ka ɗauki wannan ka je da shi bakin kabari, inda gwauruwa take tsaye da 'ya'yanta, fasto ya buɗe 1 Korintiyawa 15. Abin da ake karanta mata a wurin shi ne wannan jiki da ake binnewa za a tashe shi marar ruɓa. A gonar nan ma, da safiyar tashin, Maryamu Magadaliya ba ta gane Ubangiji ba sai da ya kira ta da sunanta.