Jinjina ga Malaman Jami'a

Laccar awa biyu ita ce abin da ɗalibi yake gani. Ba ya ganin daren da malaminsa ya raba yana duba takardun jarrabawa ɗaruruwa, wani lokaci da hasken tocila saboda an ɗauke wuta. Ba ya ganin kundin digiri na uku da malamin ya bi layi-layi da jan biro, yana gyara hujja yana daidaita zance, alhali sunan wani ne zai fito a bangon kundin.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai malaman da abokan karatunsu suka kama aikin banki ko suka haye Ingila da Saudiyya, su kuwa suka zauna. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na wata takwas, gwamnati ta riƙe albashi. Da aka janye yajin a Oktoba suka koma aji, ga bashin mai shago a wuyansu, suka ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da yake riƙe su, a ganina, irin ranar nan ce da yaron da ya zo daga ƙauye, ko tambaya ba ya iya yi a aji don kunya, zai tsaya gaban farfesoshi ya kare bincikensa ba gargada. Malaminsa na gefe, bai ce uffan ba, amma farin cikinsa ba ya ɓoyuwa. Likitan da yake duba mu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma ta hannun irin wannan malami ya biyo.