Karatun Zane a Krofrom: Hatimi, Aska da Adinkra

Duk wanda ya tsaya a tashar Krofrom ta Kumasi da hantsin Asabar, lokacin da motocin Bolga da Bawku ke lodi, ya kuma bar idonsa ya yi kiwo, zai tarar da zane iri-iri waɗanda ba harshe ɗaya suke yi ba: ga allon mai aski da kawuna jere, ga dattijon Zango za shi ɗaurin aure cikin riga mai aska takwas, ga matan Asante sun nufi makoki da tufa mai tambarin adinkra. Abin sha'awa, Bahaushe da ya zo rubutu sai ya haɗa zanen ɗaurawa da zanen alƙalami a haruffa huɗu, ya bar wa murya ta raba su. Galibinmu kallo muke yi mu wuce, alhali kowannensu yana da maƙasudi, kuma wanda bai san maƙasudin ba, ko ya yaba ko ya kushe, hukuncinsa na jahili ne.

Mu fara da wanda ba a gani. A cikin layar da ke wuyan jariri akwai hatimi, wato murabba'i da aka tsaga gida-gida aka zuba haruffa ko adadi. Mafi shahara shi ne mai gida tara da ake jingina wa Imamu Gazali, wanda ko ta tsaye aka ƙidaya shi, ko ta kwance, ko ta kusurwa, jimla 15 ce. Kuma wani malamin Katsina, Muhammadu al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi a kan yadda ake gina irin waɗannan. To, a dubi wannan al'ajabi: malami ya ɓata dare yana daidaita layuka da tawada, sa'an nan ya naɗe takardar, baduku ya ɗinke ta cikin fata, ba don wani ido ya sake ganinta ba har abada. Ko da malamai suka yi saɓani a kan halaccin laya, wannan bai hana mai nazari fahimtar cewa kyan hatimi ba don burge mai kallo aka yi shi ba. A wurin mai yin sa, daidaituwar gidajen ita ce aikin.

Wannan ilmi ya daɗe a Kumasi. Sa'ad da Baturen Ingila Bowdich ya zo a 1817, zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi a fada suna rubuta wa sarakuna layu masu tsada, waɗanda ake jerawa a jikin batakari, rigar yaƙi. Takardun irin wannan da aka kwashe bayan yaƙin Katamanso na 1826 suna ajiye a Kofanhegan har yau. Shi Bowdich ɗin ne kuma ya tafi da wani zanen adinkra da ke gidan tarihi na Landan. Wanda ya bi hanyar Mampong zuwa Ntonso, ya ga yadda ake fara tsaga yadin gida-gida da wani abu mai kama da mataji, kafin a tsoma tambarin duma cikin baƙin ruwan ɓawon itacen badie a buga, da wuya hatimi bai faɗo masa a rai ba, har wasu masana suka ce can adinkra ta samo tsarinta. Mai yiwuwa ne. Amma ni a ganina kama da wane ba wane ba ne, domin hatimi sirri ne da ake rufewa, adinkra kuwa karin magana ce da ake yafawa a bainar jama'a don a karanta. Wanda ya ɗaura Gye Nyame yana shelar cewa babu mai iko sai Ubangiji. Akwai ma wani tambarin da ya shafe mu kai tsaye, mai ɗauke da sunan kramo, yadda Asante ke kiran Musulmi, ma'anarsa kuwa mugun malami ya sa an kasa gane na ƙwarai. Wa'azi ne mai ɗaci, kuma maƙwabta ne suka buga mana shi a tufa.

Rigar dattijon nan tsakani take. Askarta da tambarinta ba su faɗin wata jimla, sai dai suna faɗin watannin da maɗinki ya yi yana tsuguno da allura, da matsayin wanda ya iya biya. Mai karanta ta yakan matso ya duba cikar ɗinkin, ko na hannu ne ko na keke, tun kafin a gaisa.

Saura allon mai aski, wanda masu ilmi suka fi rainawa. Malaman Malikiyya sun raba tsakanin surar mai rai cikakkiya mai inuwa, wadda suka haramta, da wadda aka shimfiɗa a bango ko takarda, wadda ba su kai ta ga haramci ba. Duk da haka hannun ɗan Zango ya fi sakewa a rubutu da zayyanar allon sauka, ya bar fuska ga masu fenti irin Kwame Akoto, wanda shagonsa na Almighty God Art Works ke mararrabar Suame tun shekarun 1970, ayyukansa kuma suka kai gidajen nuni na Turai. Wanda ya ce kawunan allon mai aski sun cika girma, ko ƙeya ta yi tsini, ya manta cewa an zana su ne don mutumin da ke cikin motar haya ta trotro, wanda ƙiftawar ido kaɗai yake da ita ya zaɓi askin da zai nema in ya sauka.