Taɓin Hankali a Tsohon Adabi: Majnun da Abubakar na Jiki Magayi a Ma'aunin Taklifi

Ɗalibin da ya zaɓi taɓin hankali a matsayin jigon bincikensa, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a makarantun Islamiyya na masarautar, yakan fara da farautar kalmar "mahaukaci" a cikin littattafai. Wannan hanya gajeriya ce, domin mahaukacin tatsuniya da barkwanci abin dariya ne kawai. Tambayar da ta fi amfani ita ce ta malaman fiƙihu: shin wannan mutum yana da sauran hankalin da za a kama shi da laifin aikinsa? Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, ta kuma bambanta haukan da ya zarce da wanda ke zuwa yana tafiya.

Misali na farko shi ne Ƙaisu ɗan Mulawwahu, wato Majnun Laila. Abul Faraj al-Asfahani ya tara labaransa a Kitabul Agani a ƙarni na 10, har ya kawo maganar masu shakkar cewa an taɓa yin mutumin. An hana shi Laila, ya bar mutane ya shiga daji. Amma waƙoƙin da ake jingina masa tsararru ne, ma'auninsu bai karye ba. Saboda haka Naisaburi ya sanya shi a littafinsa Uƙala'ul Majanin, tare da irin su Bahlulu, waɗanda jama'a ta kira mahaukata alhali bakinsu na fitar da hikima. A nan sunan hauka ya riga hujja zuwa.

A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar da suka biyo bayan gasar Zariya ta 1933, lamarin ya juya. Attajiri Malam Shehu ya auri Zainab, wadda Abubakar ke so. Abubakar bai yaga riga ba, bai kwana a juji ba, amma ya bar gida ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman asirin ramuwa, har sammun ya faɗa kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kyauta ya zama ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa. Tunani ɗaya ya cinye Abubakar, duk da haka yana shiri, yana zaɓi, yana sane da abin da yake nufi. Labarin ya ɗora masa alhaki, kuma fiƙihu ba zai saɓa ba. Rauninsa shi ne ya ba asiri ƙarfin da ya kusa wanke Kyauta, ya bar mai karatu cikin ruɗu game da rabon laifi.

Bambancin ba na takarda ba ne kawai. Ɗalibin da ya iya rarrabe mai ciwo da mai ƙulli a zuci ba zai kira maƙwabcinsa marar lafiya mugu ko abin tsokana ba. Zai san cewa wanda hankalinsa ya taɓu haƙƙinsa addu'a ne da magani, a kai shi asibiti irin na Kazaure, ba a sa masa mari ba. Mai ƙiyayya kuwa nasiha yake bukata da tuba.