Zakin Bayan Mota da Yadda Ake Gina Surarsa

Duk wanda ya zauna a bakin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa ƙasar Kazaure ta nufi Daura, ko ɗan Achilafiya ne da ya fito cin kasuwa ko mutumin Roni ne mai jiran mota, da wuya ya wuni bai ga zaki ba, sai dai zakin fenti ne a bayan babbar mota mai bodin katako.

Ƙa'idar zana shi kuwa, ko a garejin fenti ko a ajin makaranta, ita ce mai zane ya kawar da idonsa daga gashi da haƙora da farata, waɗanda su ne ke fara ruɗin almajirin sana'a, ya nemi siffofin da aka gina halittar a kansu. Sai ya ɗauki alli ya kewaya babbar da'ira mai ɗan tsawo a matsayin ƙirji, ya sa ƙarama a matsayin ƙugu, ya haɗa su da layin gadon baya da na ciki, na cikin yana ɗagawa yayin da ya doshi cinya; sa'an nan ya ɗora murabba'i domin kai, ya kifa alwatika a tsakiyarsa domin hanci. Ƙafafun gaba miƙaƙƙu ne, ba su da wuya. A ƙafar baya ake gane gwani, domin zaki a kan yatsunsa yake tafiya, gaɓar nan da ake zaton gwiwa ce ta juya baya kuwa dunduniya ce da ta ɗaga daga ƙasa, gwiwar haƙiƙa tana can sama kusa da ciki. Wanda bai san haka ba zai yi masa ƙafafu huɗu iri ɗaya, dabbar ta fito a sandare, babu alamar za ta zabura.

A ganina hannun Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan aiki. Malamanmu na Malikiyya, bisa abin da Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo a Risala na karhanta surori a bango da gado da zobe, ba su ƙarfafa zanen mai rai ba, saboda haka fasahar ƙasar nan ta karkata ga handasa: zayyanar allon sauka, da aska takwas da tambari a babbar riga, da dagi a fuskar soro. Wanda ya gaji raba fili da da'ira da kusurwa, in aka ce ya yi zaki, da su zai yi shi, shi ya sa sau da yawa gezar zakin mota kan fito tamkar jerin asake kewaye da fuska.

Amma hanyar tana da aibi, kuma tsohon aibi ne. Villard de Honnecourt, mai zane na arewacin Faransa wajen shekarar 1230, wanda ya gina mutane da dabbobi a kan alwatika da murabba'i a kundinsa, ya zana zaki har ya rubuta cewa daga mai rai ya ɗauko shi, amma fuskar ta fi kusa da ta ɗan Adam, domin abin da hannu ya haddace ya rinjayi abin da ido ya gani. Haka namu: zakin nan mai geza har kafaɗa na gabashi da kudancin Afirka ne, daga hotuna aka kwafo shi, shi kuwa na yammacin Afirka gezarsa ba ta cika haka ba, jikinsa ma bai kai ba. Abin yana damuna ƙwarai, ganin binciken da aka buga a 2014 ya nuna kimanin 400 kaɗai suka rage a yankin duka, a Nijeriya kuma sai Yankari da dajin Kainji.

Da malaman zane na Kazaure za su kai ɗalibai gidan namun daji na Audu Bako a Kano, da yaran sun ga yadda allon kafaɗa ke ɗagowa bisa gadon baya, dama sannan hagu, duk lokacin da zaki ya taka, su san inda za su gyara da'irar ƙirji kafin su sa fenti.