Malamai da Adabin Yara: Giɓin Jigon Tarihi

Malaman makaranta na cikin waɗanda suka aza harsashin ƙagaggun labaran Hausa. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, ya rubuta Magana Jari Ce. Salonsa na da armashi, sai dai yawancin labaran aro ne daga Larabawa da Indiyawa da Turawa. Saboda haka yaron Zangon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, zai tarar da aku da waziri a littafin, amma ba zai tarar da garinsu ba. Alhali gobarar kasuwar Dantokpa ta 2015 ta isa jigo, domin akwai asara da juriya a cikinta. Irin wannan ya kamata malami mai rubuta wa yara labari a dogon hutu ya duba.