Sai da Labari Tsalle Yake da Nauyi

A watan Agustan 2017, Tom Cruise ya yi tsalle daga saman wani bene zuwa wani a birnin Landan, ƙafarsa ta daki bango, idon sawunsa ya karye. Ya ja jiki ya haye, ya ɗingisa ya wuce gaban kyamara. Aikin fim ɗin Mission: Impossible – Fallout ya tsaya na makonni, kuma hoton da ya karye a cikinsa shi aka bari a fim. Duk sanda na kalli wurin sai tsigar jikina ta tashi, domin na san zafin da ke fuskarsa na gaske ne.

Ina girmama wannan salo na jarumi ya sa jikinsa a aiki, musamman yanzu da kwamfuta ke zana gobara da faɗuwar jirgi ba tare da kowa ya yi gumi ba. A fim ɗin Mission: Impossible na 2011 Cruise ya rataye a jikin Burj Khalifa na Dubai, ginin da tsawonsa ya kai mita 828. A na 2015 ya maƙale a ƙofar jirgin soja Airbus A400M yana tashi sama. A Fallout ya diro da lema daga nisan ƙafa 25,000, ya kuma tuƙa jirgi mai saukar ungulu da hannunsa a tsakanin duwatsun New Zealand. Ido yana gane abin da aka yi da jiki. Har masu kyautar Oscar sun sanar cewa daga bikin 2028 za su fara karrama masu tsara irin waɗannan ayyukan kasada, abin da ya kamata a yi tuntuni.

Damuwata ita ce kasadar ta fara shiga gaban labari. Daraktan Fallout, Christopher McQuarrie, bai ɓoye cewa sukan fara tsara manyan wuraren kasada ba, sannan su ɗinka labarin a kansu, wani lokaci ana ɗaukar fim rubutun bai kammala ba. Dubi Mission: Impossible – Dead Reckoning na 2023. Cruise ya yi atisayen dira da lema fiye da sau 500, ya yi tsalle da babur sau dubu 13, duk don ya kwararo da babur daga kan wani dutse a Norway. Tun watanni kafin fim ɗin ya fito aka saki bidiyon yadda aka yi. Da muka zo kallo mun riga mun haddace tsallen, sai muka zauna jiransa, ana ta yi mana dogon bayani kan wani mabuɗi mai ɓari biyu da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. An kashe kusan dala miliyan 290, aka samu kimanin miliyan 570, alhali Fallout da bai kai miliyan 180 ba ya kusa kawo miliyan 800.

Duk wanda ya taso a gidan kallo ya san ekta ba ya mutuwa. Ba mai fargabar Ethan Hunt, wanda Cruise ke fitowa a matsayinsa, zai faɗi ya tarwatse. Abin da sabon salon ya yi shi ne ya mayar da fargabarmu kan Tom Cruise ɗan Adam, kuma da zarar mun ga ya sauka lafiya a bidiyon talla, fargabar ta ƙare. Abin da ke riƙe mai kallo har ƙarshen fim ɗin leƙen asiri shi ne amana da cin amana: wa ke tare da kai, wa ya sayar da kai.

Shi ya sa Fallout ya fi 'yan'uwansa a wurina. Tun farko Hunt ya zaɓi ceton ran abokinsa Luther, ya yi asarar sinadarin haɗa makaman nukiliya. Daga nan duk gudun da ya yi, duk tsallen da ya yi, biyan bashin wannan zaɓi ne. Ga kuma August Walker, wanda Henry Cavill ya fito a matsayinsa, yana gefensa kamar abokin aiki alhali shi ne macijin. Can baya ma, a fim na farko da Brian De Palma ya yi a 1996, wurin da ya fi tsayar da numfashi shi ne inda Hunt ke rataye da igiya a ɗakin sirri na CIA, shiru kake ji, ɗigon gumi ɗaya zai iya tona asirinsa.

Ina so a ci gaba da hawan jirage da jiki. Amma marubuci ya gama aikinsa kafin a ɗaura wa jarumi igiya, yadda idan ya diro zan damu da wanda yake ƙoƙarin ceta a ƙasa.