Dila da Janar Digol: Ina Tarihi Ya Tsaya?

Kwanakin nan in an tashi daga kasuwa, samarin unguwarmu ba su da hira sai ta fim ɗin Dila da suke kallo a waya, wanda aka fitar a 2024. Mu kuwa littafin muka sani, The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, ɗan Ingila, wanda ya fito a 1971. Wajen masu kwancen littattafai a bakin titi muka saye shi muna samari, muna tuntuɓe da Turancin har muka kai ƙarshe. Gardamar yaran nan ce ta sa muka sake ɗauko shi, don mun ji wani yana rantsuwa wai Dila mutum ne da aka yi.

To, ga yadda abin yake. Farkon littafin gaskiya ne. Ranar 22 ga Agusta 1962 wasu 'yan bindiga suka buɗe wa motar Janar Digol, shugaban Faransa, wuta a Petit-Clamart kusa da Faris. Haushinsu shi ne ya ba Aljeriya 'yanci. Shi da matarsa suka tsira, jagoran harin kuma, Laftanar Kanar Bastien-Thiry, aka harbe shi a Maris 1963. Ƙungiyar OAS da ke neman ran Digol ita ma an yi ta. Forsyth yana Faris a lokacin, yana aiko wa kamfanin labarai na Reuters rahoto.

Daga nan ƙirƙira ta karɓa. Baturen da aka ɗauka haya a kan dala dubu 500, da ɗan sanda Lebel mai farautarsa, duk daga kan marubucin suka fito.

Gwanintar tana nan: duk mai karatu ya san Digol bai mutu da harsashi ba, a gidansa ya rasu a 1970. To me zai hana ka barci a kan labarin da ka san ƙarshensa? Ai Forsyth ya sauya tambayar ne, daga "zai kashe shi?" zuwa "ta yaya za a tare shi?" Sai ya riƙe ka da ƙananan bayanai. Dila ya shiga maƙabarta ya nemi sunan yaron da ya mutu yana ƙarami, ya karɓi takardar haihuwarsa, ya yi fasfo da ita. Ya sa maƙeri a Beljiyam ya ƙera masa bindigar da za ta ɓuya cikin sandar guragu. Kowane mataki kana ganin zai yiwu, yiwuwar nan kuwa ita ke sa gabanka faɗuwa. Binciken da zullumin tafiyarsu ɗaya.

Amma fa akwai inda muka ga gazawa. Wani wurin bayanin ofisoshin tsaron Faransa ya yi yawa, har labarin ya tsaya cik. Mutanen ciki ba su da zurfi, Dila kamar inji yake, matan kuma an sa su ne kawai don a bi ta kansu a wuce.

Babban abin da ya dame mu shi ne ɗinkin ba ya nunawa. Mu 'yan kasuwa mun san in aka zuba hatsi mai kyau a saman buhu, mai saye ba ya tona ƙasa. Haka ranaku da sunayen gaskiya ke sa ka haɗiye ƙirƙira ba ka tauna ba. A littafin nishaɗi ba laifi ba ne, tunda bai ce tarihi yake rubutawa ba. Sai dai mu tuna wannan Forsyth ɗin ne ya zo ƙasar nan lokacin yaƙin basasa, ya rubuta The Biafra Story a 1969, bai kuma ɓoye ɓangaren da yake goyon baya ba. A 2015 da kansa ya faɗa cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Ingila aiki. Alƙalamin da ya iya sa ka yarda da Dila, zai iya sa ka yarda da labarin ɓangare ɗaya.

Saboda haka, samari, ku nemi littafin ku karanta, ya fi fim ɗin armashi. Amma kafin ku rantse a majalisa, ku tona buhun har ƙasa.